Jiƙon Ganyena Ya Kashe Ƙwayoyin Daji a Ɗakin Gwaji, Na Samo Magani Ke Nan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halittu. Aikina a kan wani ganye ne da masu maganin gargajiya ke bai wa masu ƙari a jiki. Na jiƙa shi da metanol, na gwada a kan ƙwayoyin sankarar mama na MCF-7 ta hanyar gwajin MTT, kuma a ma'aunin maikirogiram 1000 cikin kowace milita ya kashe kashi 85 cikin ɗari. Zan iya rubuta cewa ganyen yana maganin daji? Sannan gwaggona tana fama da sankarar mama. 'Yan gida sun ji labarin aikina, suna ta matsa mini in haɗa mata ta sha, ta huta da allurar asibiti. Me za ka ba ni shawara?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayoyi biyu kika haɗa, ɗaya ta takarda, ɗaya ta rai: me sakamakonki ya tabbatar, kuma ko ya isa a ɗora jinyar mutum a kansa. Ta ran zan fara amsawa don kar ta jira ƙarshen rubutu. Kada gwaggo ta bar allurarta, kuma kada ki ba ta wannan jiƙon. Dalilin zai fito fili idan muka bi ta kan tambayar farko.

Neman maganin daji a tsirrai ba ɓata lokaci ba ne

Na fara da wannan ne saboda akwai masu yi wa irin aikinki kallon raini, kuma ba su da gaskiya. Cikin magungunan da ake ɗura wa masu daji a asibitoci yau akwai waɗanda asalinsu tsiro ne. Vinblastine da vincristine daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska suke, Catharanthus roseus. A shekarun 1950 Robert Noble da Charles Beer, a wata jami'a da ke Kanada, suna binciken ganyenta ne don ciwon suga, domin da shi aka san ta a gargajiyance. Sukari bai sauka ba. Amma da suka yi wa ɓeraye allurar jiƙon, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka zube. Daga nan tunani ya juya: abin da ke hana fararen ƙwayoyin jini yaɗuwa, me zai yi wa sankarar jini? An amince da vincristine a Amurka a 1963, kuma yana cikin haɗin magungunan da suka sa yau kusan yara tara cikin goma masu nau'in sankarar jinin da ya fi kama yara suke warkewa a ƙasashen da ke da kayan aiki.

Paclitaxel, wanda aka fi sani da Taxol, daga sassaƙen bishiyar Taxus brevifolia yake. An ɗebo sassaƙen a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayar halitta rabuwa a 1979, sannan aka amince da shi a 1992. Shekara talatin. Su dai Wall da Wani ne suka fitar da camptothecin daga wata bishiyar ƙasar Sin a 1966. Da aka gwada shi a kan mutane gubarsa ta yi yawa, aka jingine shi, sai da aka gano inda yake kamawa, aka sauya masa siffa, sannan aka sami irinotecan da topotecan a shekarun 1990.

Amma ki riƙe ɗaya ɓangaren labarin. Cibiyar binciken daji ta ƙasar Amurka ta gwada jiƙo kusan 114,000 daga tsirrai tsakanin 1960 da 1982. Da yawa sun kashe ƙwayoyin daji a matakin farko. Waɗanda suka kai ga zama magani, yatsun hannu sun isa a ƙirga su.

Abin da faranti ke iya faɗa

Mu koma kan bencinki. Kin shuka ƙwayoyin MCF-7 a faranti mai ramuka 96, kin ajiye su a inkubeta a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, sun kwana sun manne a ƙasan ramin. Kin zuba jiƙo, kin jira awa 24 ko 48 ko 72, sannan kin zuba MTT, wanda Tim Mosmann ya bayyana amfaninsa a 1983. Ruwan ɗorawa ne, ƙwayar da ke da rai ta mayar da shi shunayya, na'ura kuma ta auna kaurin launin. Shunayya mai yawa, masu rai da yawa.

Ki dubi halin da waɗannan ƙwayoyi ke ciki. Shimfiɗa ɗaya ce a kan roba, a tsirara, jiƙo na kwance a kansu dare da rana. Babu cikin da zai narkar da shi, babu hanjin da zai ƙi tsotsa, babu hantar da za ta farfasa shi, babu ƙodar da za ta fitar da shi ta fitsari. A wannan yanayi kisa ba wuya. Ruwan bilic yana kashe su duka, sabulu ma haka, gishiri in ya yi yawa haka. Don haka idan ɗalibi ya zo mini yana murna jiƙonsa ya kashe, tambayata ta farko ita ce: da nawa ya kashe? Ta biyu kuma: wa ya bari da rai?

Maikirogiram 1000 a milita adadi ne mai yawan gaske. Giram guda ke nan a lita ɗaya. Jikin babban mutum yana ɗauke da ruwa kamar lita 40. In ana son wannan kaurin ya samu a jikinsa, lissafi mafi sauƙi ya ce sai busasshen jiƙo giram 40 ya shige shi gaba ɗaya, babu abin da ya zube a hanya, ya kuma zauna kwana biyu bai ragu ba. Babu jikin da ke aiki haka. Paclitaxel kuwa, a ƙwayoyi da dama, 'yan nanogiram kaɗan a milita sun isa, wato ƙasa da naki sau dubu ɗari ko fiye.

Shi ya sa ba a yin hukunci da ma'auni guda. Ana tsinka jiƙon mataki-mataki, misali 100, 50, 25, 12.5, har ƙasa, a zana yadda kisan ke raguwa, a fitar da adadin da ke rage ƙwayoyin da rabi, wanda ake kira IC50. Mizanin da masu wannan aiki suka saba jinginawa ga waccan cibiya ta Amurka shi ne, ɗanyen jiƙo ya cancanci a bi sawunsa idan IC50 ɗinsa bai wuce maikirogiram 20 a milita ba, wasu su ce 30, tsantsar sinadari kuma bai wuce 4 ba. Ba doka ba ce, rariya ce ta rage tarkace. Idan naki ya fito 400 ko 600, gaskiyar magana ita ce jiƙon ba shi da ƙarfi a kan waɗannan ƙwayoyi, kuma rubuta hakan ba faɗuwa ba ce.

Inda MTT ke yaudarar mai jiƙon tsiro

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne na fi ganin aiki yana lalacewa, kuma ni ma na sha a nan. A farkon shigata wannan fage na gwada jiƙon wani sassaƙe, jajur da shi kamar an dafa jan itace. Na'ura ta ce ƙwayoyin da suka sha mafi yawa sun fi waɗanda ba a taɓa ba rai. Na maimaita, haka. Har na fara tunanin ko sassaƙen yana ciyar da daji ne. Wata babbar ma'aikaciya a ɗakin gwajin, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ta ce in kawo farantin kafin in zuba MTT. Ta ɗora a madubin likita ta ce in leƙa. Ƙwayoyin da ya kamata in gani a baje, manne da juna kamar daɓe, duk sun dunƙule sun saki ƙasa, suna yawo a ruwan. Matattu ne. Sai ta sa na zuba jiƙon da MTT a ramukan da babu ƙwaya ko ɗaya. Kafin awa guda sun rine shunayya. Sassaƙen ne da kansa ke juya launin.

Tsirrai cike suke da irin waɗannan sinadarai, su tanin da danginsu, har da bitamin C, masu iya juya MTT ba da taimakon wata ƙwaya mai rai ba. Launin jiƙon kansa ma yana shiga lissafin na'ura. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi kusa da batunki. MTT ba ƙidayar kai yake yi ba, kuzarin ƙwaya yake aunawa. Jiƙon da ya rage mata kuzari na ɗan lokaci zai bayyana kamar ya kashe ta, alhali in kin wanke shi kin ba ta sabon abinci za ta farfaɗo ta ci gaba da rabuwa.

Saboda haka, tun daga ranar ban sake yarda da faranti ba sai ya cika wasu sharuɗɗa. Dole a sami ramukan jiƙo zalla ba ƙwaya. Dole a wanke jiƙon kafin a zuba MTT. Dole a leƙa madubi a ɗauki hoto. Sannan a tabbatar da sakamakon ta wata hanya da ba ta dogara da wannan launin ba, kamar SRB mai auna yawan furotin, ko ƙidaya da trypan blue, rinin da ke shiga matattun ƙwayoyi kaɗai, ko kuma wanda na fi so, a bar 'yan ƙwayoyin da suka tsira kwana goma zuwa sha huɗu a ga ko za su iya sake kafa gungu.

Ki kuma bincika abin da kika narkar da jiƙon da shi. Yawanci DMSO ne, kuma shi kansa guba ne in ya yi yawa, shi ya sa ake tsayar da shi ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari, a kuma ware ramukan da suka sha shi kaɗai don kwatance. Mai son kai maikirogiram 1000 sau da yawa yakan wuce wannan iyaka bai sani ba. Haka ma ragowar metanol in bai gama bushewa ba. Ina zargin wani kaso na 85 ɗinki daga nan yake, kuma rami shida kacal za su wanke ko su tabbatar da zargin.

Wa ya bari da rai?

Wahalar maganin daji duka a nan take. Ƙwayar daji ba baƙuwa ba ce kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ta jikin mai ita ce, ta kangare. Abin da zai kashe ta yawanci zai taɓa 'yan'uwanta, musamman masu saurin rabuwa a ɓargo, hanji da tushen gashi. Don haka gwajin da bai haɗa da lafiyayyun ƙwayoyi ba rabin gwaji ne. Ga sankarar mama akan yi amfani da MCF-10A. In babu, akan ɗauki ƙwayoyin fata na mutum, ko Vero, duk da cewa su na ƙodar biri ne, kwatancen bai kai na farko kyau ba. Sai ki raba IC50 na lafiyayyu da na masu daji. In jiƙo ya kashe masu daji a 18, lafiyayyu a 20, guba kika samu. In 18 ne da 180, to kin sami abin da ya cancanci ki ƙara masa shekara guda ta rayuwarki.

MCF-7 kuma ba ita ce sankarar mama duka ba. Daga jikin mace guda aka samo ta a 1970, kuma nau'in da ke amsa sinadarin estirojin ce. MDA-MB-231 ita ma ta mama ce, amma halinta daban, abin da ya ci waccan yana iya barin wannan. Wannan ne ya sa cibiyar Amurka ta koma gwaji a kan nau'i 60 lokaci guda tun wajen 1990. Ke ba ki buƙatar 60, amma biyu ko uku sun fi ɗaya. Ki sa doxorubicin ko wani sanannen magani a kowane faranti, domin in shi bai yi aikin da aka san shi da shi ba, matsalar a farantin take. Ki tambayi inda ƙwayoyinki suka fito, da yaushe aka duba su don mycoplasma, wata ƙwayar cuta da ke gurɓata ƙwayoyin gwaji. Tun shekarun 1960 aka gano cewa ƙwayoyin HeLa, na sankarar bakin mahaifa, sun mamaye wasu nau'o'in da ake ta bincike a kansu da sunan wani abu daban, kuma matsalar ba ta ƙare ba har yau. Maimaici kuma, rami uku a faranti ɗaya ba gwaji uku ba ne. Sai an yi a ranaku uku mabambanta.

Shi kansa ganyen

Wa ya tabbatar miki da sunansa? Suna ɗaya na gargajiya kan hau tsirrai biyu ko uku. Ki kai reshe mai ganye da fure wurin masanin tsirrai, a ajiye busasshen samfuri a ba ki lamba, ki rubuta wuri da watan da kika tsinka. Sinadaran tsiro suna sauyawa da ƙasa, da yanayi, da shekarun bishiya, da yadda aka shanya. Ki lura kuma, mai maganin gargajiya da ruwa yake dafawa, ke da metanol kika jiƙa. Abin da ya fito a naki ba lallai shi ne ke cikin nasa ba. In kina son ki ce wani abu game da maganinsa, sai ki gwada nasa yadda yake haɗawa, ki kuma ambace shi a aikin da izininsa, tunda iliminsa ne ya nuna miki hanya.

In jiƙon ya tsallake duk wannan, hangen Dala ne, ba a shiga birni ba tukuna. Za a raba shi kashi-kashi da hekzen, etil asitet da sauransu, a gwada kowane kashi, a bi mai ƙarfin har a kai ga sinadari ɗaya, a gano siffarsa. Sau da yawa a nan ake tarar da cewa sanannen abu ne, ko kuma irin sinadaran nan masu amsa kowane gwaji a faranti amma su kasa a jiki, kamar yadda curcumin, sinadarin da ke cikin kurkum, ya wahalar da masu bincike shekara da shekaru. Sai a duba ta yaya yake kisa, sai ɓeraye, da izinin kwamitin ɗa'a, sai gwajin guba, sannan matakai uku na gwaji a kan mutane. A kowane mataki masu faɗuwa sun fi masu wucewa nesa ba kusa ba.

To me za ki rubuta? Abin da kika gani kawai: jiƙon metanol na ganye kaza ya rage rayuwar ƙwayoyin MCF-7 a faranti, da IC50 kaza, bayan awa kaza, a kan lafiyayyu kuma kaza. Kalmar "maganin daji" kada ta shiga take ko kammalawa. Ina da zafi a kan wannan, domin takardarki ba a hannun masana kaɗai za ta tsaya ba. Wani zai ɗauki layi ɗaya daga ciki ya manna a jikin kwalba.

Gwaggo

Ni aikina a benci yake, ban taɓa duba majiyyaci ba, kuma hukuncin abin da za ta sha na likitanta ne. Amma akwai abubuwan da ya kamata 'yan gida su ji daga bakinki, tunda ke suka yarda da ke.

Tsiro yana iya cutarwa sosai. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata da dama da aka bai wa haɗin rage ƙiba mai ɗauke da wani tsiro mai suna Aristolochia sun rasa ƙodojinsu, wasu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Laetrile, wanda ake yi daga ƙwallon wani ɗan itace, an yi ta tallarsa a matsayin maganin daji. Da aka gwada shi a kan majiyyata 178 aka buga sakamakon a 1982, bai yi amfani ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanaid. Tsiro yana kuma iya karya maganin asibiti: Hypericum perforatum yana sa jiki ya yi saurin kawar da irinotecan, ƙarfinsa a jini ya ragu. Hantar gwaggo tana cikin aikin sarrafa allura mai nauyi yanzu, kuma jiƙonki ko a ɓera ba a gwada gubarsa ba. Wani bincike daga jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya gano cewa masu dajin da bai bazu ba, waɗanda suka zaɓi wasu hanyoyi kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, kuma ratar ta fi haka faɗi a sankarar mama.

Na san 'yan gida ba mugunta ke sa su ba. Sun ga amai, sun ga gashi ya zube, sun ga mace mai kuzari ta kwanta, tausayi ya kama su. Kar ki yi musu gardamar ilimi. Ki gaya musu cewa paclitaxel da ake bai wa masu sankarar mama da yawa asalinsa daga sassaƙen bishiya ne, an tace shi, an auna shi, an san iyakar da jiki ke ɗauka, naki kuwa bai kai ko matakin ɓera ba. Ranar allura ta gaba ki raka ta. Ki tattara duk abin da take sha a gida, har wanda aka ba ta a ɓoye, ki nuna wa likita ba tare da kunya ba. Ki faɗa masa yawan aman da rashin cin abincin dalla-dalla, domin akwai magungunan da ake bayarwa don su, kuma akan sauya su in na farko bai yi ba.

In kin sake gwajin da ramukan jiƙo zalla, da na DMSO, da ma'auni shida zuwa takwas daga 100 zuwa ƙasa, ki turo mini lambobin yadda na'ura ta fitar da su, haɗe da hotunan madubi na awa 24 da 48, mu duba tare.